Me ya sa shugabannin makarantun manyan biranen Amurka ba sa daɗewa a kujera?

Tambaya: Wani bawan Allah mazaunin Shikago, wanda ya yi hedimasta a gida kafin ya ƙaura, ya rubuto cewa 'ya'yansa suna makarantun gwamnatin birnin. A ƙarshen 2024 ya ga duka 'yan majalisar makarantu sun ajiye aiki lokaci guda, daga baya kuma aka sallami shugaban makarantun birnin. Da ya tambaya sai aka ce masa ai haka abin yake a manyan birane, ba wanda ke wuce shekara uku. Yana son ya san dalili, kuma yana son ya san ko wannan yawan canji na cutar da karatun yaransa.

Amsa: Malam, sannu da ƙoƙari, Allah ya raya yaran. A manyan biranen Amurka da wuya ka ga an sallami shugaban makarantu don yara sun kasa karatu ko lissafi. Abin da ya fi tayar da shi daga kujera shi ne waɗanda suka ɗauke shi aiki sun bar tasu kujerar, waɗanda suka gaje su kuma babu alkawari tsakaninsu da shi.

Tsarin da ka sani a gida shi ne ma'aikatar ilimi a sama, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha a ƙarƙashinta, sannan sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. A nan ba haka aka gina abin ba. Gwamnatin tarayya ba ta gudanar da makarantun birane, kuma abin da take zubawa cikin kuɗin makarantu bai cika wuce kashi 10 cikin 100 ba, in ban da shekarun annoba. Sauran daga jiha yake fitowa da kuma harajin gidaje da filaye na yankin. Ƙasar ta kasu gundumomin makarantu wajen 13,000, kowace da majalisarta, yawanci mutum biyar zuwa tara waɗanda jama'ar yankin ke zaɓa. Majalisar ce ke ɗaukar shugaba a kan kwantiragi, galibi na shekara uku ko huɗu, kuma rinjayen ƙuri'a ɗaya tak ya isa ta raba gari da shi. Babu zancen a yi masa canjin wurin aiki kamar babban sakatare. In an sallame shi ya tafi ke nan, sai dai a biya shi abin da kwantiragi ya tanada.

Aikin kuma kaɗan ne cikinsa ya shafi allo da alli. Shugaban makarantun Shikago yana riƙe da ɗalibai sama da 300,000, makarantu sama da 600, da kasafin kuɗi na kusan dala biliyan 10 a shekara. Motocin ɗaukar yara a wuyansa suke, haka abincin rana, da tsofaffin gine-gine, da fanshon ma'aikata, da yara masu buƙata ta musamman, da ƙarar da iyaye ko ƙungiyoyi suka shigar kotu. Kowane ɗaya cikin waɗannan zai iya zama sanadin tafiyarsa.

Zancen shekara uku da aka faɗa maka yana da asali, amma an yi masa gurguwar fahimta. Ƙungiyar gundumomin manyan birane, Council of the Great City Schools, takan tambayi shugabannin da ke kan aiki tsawon zaman da suka yi zuwa ranar tambayar, kuma a binciken 2014 matsakaicin ya ɗan haura shekara uku. Wannan kamar ka tare matafiya ne a tsakiyar hanya ka tambaye su awa nawa suka yi a mota, sannan ka ce tsawon tafiyar ke nan. A 2018 cibiyar Broad ta ƙirga ta wata fuskar: ta ɗauki gundumomi 100 mafi girma, ta duba waɗanda suka riga suka kammala zamansu, sai ta samu wajen shekara shida. Sai dai wannan binciken ya nuna zaman ya fi gajarta a gundumomin da 'ya'yan talakawa suka fi yawa, wato inda aka fi buƙatar natsuwa, kuma mata ba sa daɗewa kamar maza. Bayan haka ne korona ta zo ta dagula lissafi. Rigimar buɗe makarantu da ta sanya takunkumi ta kori mutane da yawa, har kamfanin ILO Group, wanda ke bibiyar lamarin, ya ƙirga cewa kusan rabin gundumomi 500 mafi girma sun canza shugaba tsakanin Maris 2020 da Satumba 2022.

Binciken da na fi ba da muhimmanci a kan dalilin tafiya shi ne wanda Jason Grissom da Stephanie Andersen suka buga a 2012. Sun bi shugabanni 215 a jihar Kalifoniya tun daga 2006. Cikin shekara uku kashi 45 sun tafi, a gundumomi mafi girma kuma abin ya haura kashi 70. Da suka nemi abin da ke nuna wanda zai tafi, hawa ko saukar sakamakon jarrabawar yara bai nuna komai ba. Abin da ya nuna shi ne yadda 'yan majalisa ke kallon shugaban, da ko majalisar kanta tana zaman lafiya, da ko shugaban ɗan gida ne ko daga waje aka ɗauko shi. Ɗan gida ya fi daɗewa.

Duk wanda ya zauna a zaman majalisar makarantu ya san dalili. Zaɓen waɗannan kujeru mutane kaɗan ne ke fitowa, don haka ƙungiyar da ta shirya, ko ta malamai ce ko ta masu goyon bayan makarantun da gwamnati ke biya amma ƙungiyoyi masu zaman kansu ke gudanarwa, tana iya juya rinjaye da kujera ɗaya ko biyu. A Los Angeles ɓangarorin nan biyu sukan kashe miliyoyin daloli a kan majalisa mai mutum bakwai kacal. A gundumar Gwinnett ta jihar Jojiya, Alvin Wilbanks ya riƙe makarantu tun 1996, gundumar ta ci babbar lambar yabo ta Broad sau biyu a hannunsa, a 2010 da 2014. Aka yi zaɓe a Nuwamba 2020, sababbin mutum biyu suka shigo, a Maris 2021 aka kaɗa ƙuri'a uku da biyu aka yanke kwantiraginsa. Babu wani abu da ya canza a azuzuwa cikin watanni huɗun nan. A Las Vegas kuwa majalisa ta kori Jesus Jara a Oktoba 2021 da ƙuri'a huɗu da uku, bayan mako uku mutum ɗaya ya sauya ra'ayi aka mayar da shi. Ka yi tunanin yadda hedimastocin da ke ƙarƙashinsa za su ɗauki umarninsa bayan wannan.

Wasu birane sun nemi maganin wannan ta hanyar miƙa makarantu ga magajin gari, shi ya naɗa majalisa ko ya naɗa shugaban kai tsaye. Boston ta yi haka a farkon shekarun 1990, Shikago a 1995, New York a 2002, Washington a 2007. Da farko kamar an dace. Thomas Payzant ya yi shekara 11 a Boston a ƙarƙashin magajin gari Thomas Menino. Joel Klein ya yi takwas a New York tare da magajin gari Michael Bloomberg. A garinku Paul Vallas ya yi shida, Arne Duncan ya yi sama da bakwai, dukansu a zamanin Richard Daley. Amma ka duba da kyau, magadan garin ne suka daɗe, shugabannin makarantun suka fake a inuwarsu. Ranar da magajin gari Adrian Fenty ya faɗi zaɓen fid da gwani a Washington a Satumba 2010, kowa ya san shugabar makarantun da ya naɗa, Michelle Rhee, ta gama, kuma a Oktoba ta ajiye aiki. New York daga 2018 zuwa ƙarshen 2024 ta ga Richard Carranza, Meisha Porter, David Banks da Melissa Aviles-Ramos, mutum huɗu cikin shekarun da yaro zai yi a firamare.

Abin da ka gani da idonka ma wannan ne. Magajiyar garin Shikago ta lokacin, Lori Lightfoot, ce ta ɗauko Pedro Martinez daga San Antonio a 2021 ya shugabanci makarantun birnin. Ba baƙo ba ne, a makarantun Shikago ya yi karatu, kuma ya taɓa riƙe baitulmalin gundumar. A 2023 Brandon Johnson ya zama magajin gari, shi kuma daga ƙungiyar malaman Shikago ya fito. Kuɗin tallafin korona da tarayya ta rarraba wa makarantun ƙasar, wajen dala biliyan 190, wa'adinsu ya ƙare a Satumba 2024, ga kuɗin fansho da za a biya, ga sabuwar yarjejeniyar albashin malamai a kan teburi. Magajin gari ya so a ciyo bashin dala miliyan 300 na ɗan gajeren lokaci, Martinez ya ƙi. 'Yan majalisa bakwai, waɗanda Johnson ɗin ne ya naɗa su, suka ajiye aiki a Oktoba, ya naɗa wasu, a Disamba suka sallami Martinez ba tare da ɗora masa laifi ba, kwantiraginsa ya ba shi damar zama wata shida kafin ya tattara. A ganina ya yi daidai da ya ƙi bashin, domin ramin da ke dawowa kowace shekara ba a cike shi da bashi mai tsadar ruwa. Amma ko ka yarda da ni ko ba ka yarda ba, ka lura cewa a duk rigimar ba wanda ya kawo zancen ko yaran aji uku sun iya karatu.

Ba kuma kowane ne aka zalunta ba. Akwai waɗanda hanyar ɗaukarsu ce ta lalace tun farko, musamman a shekarun da ake yayin ɗauko "mai ceto" daga wajen harkar ilimi. Bloomberg ya naɗa Cathie Black, shugabar kamfanin mujallu wadda ba ta taɓa koyarwa ba, ta kama aiki a Janairu 2011, zuwa Afrilu ta tafi. Los Angeles ta gwada tsohon gwamna, ta gwada tsohon hafsan sojan ruwa, ta gwada ma'aikacin banki. Akwai waɗanda babban shirin da suka kinkimo ya faɗo musu, kamar John Deasy da shirin raba wa kowane ɗalibin Los Angeles iPad a kan kuɗi sama da dala biliyan 1, wanda ya ajiye aiki a 2014. Akwai waɗanda suka ci amana: Barbara Byrd-Bennett, wadda a zamaninta aka rufe makarantu wajen 50 a Shikago a 2013, ta amsa laifin neman kaso a kwangilar dala miliyan 20 ta horar da hedimastoci, aka ɗaure ta shekara huɗu da rabi. Sannan akwai masu tafiya da ƙafarsu zuwa kujerar da ta fi girma. Carranza daga San Francisco ya koma Houston a 2016, ko shekara biyu bai cika ba ya wuce New York. Houston ɗin ta shafe shekara uku da shugabar riƙon ƙwarya ga majalisa mai faɗa da juna, daga baya jihar Teksas ta ƙwace gundumar a 2023 ta naɗa nata shugaban.

Yanzu ga rabin tambayarka na biyu, wanda shi ne ya fi damun uba. Amsar za ta iya ba ka mamaki. A 2014 masu bincike na cibiyar Brookings sun duba bayanan ɗaliban jihohin Filorida da North Carolina na wajen shekara goma, suna neman nawa ne cikin bambancin ƙoƙarin yara za a iya jinginawa ga shugaban gunduma. Suka samu kashi 0.3 cikin 100. Tasirin malamin aji ya ninka wannan sau da yawa, kuma ba su ga sakamako na ƙaruwa don kawai shugaba ya daɗe ba. Garinku ma shaida ne. Tsakanin 2009 da 2014 Shikago ta ga Ron Huberman, Terry Mazany, Jean-Claude Brizard da Byrd-Bennett, ga yajin aikin malamai na 2012 a tsakiya. Duk da haka, da Sean Reardon na jami'ar Stanford ya auna waɗannan shekarun, ya samu yaran Shikago daga aji uku zuwa aji takwas sun yi ci gaban da ya kai na shekara shida cikin shekara biyar, abin da ya fi na kusan duka gundumomin ƙasar. Yawan masu kammala sakandare ma ya tashi daga ƙasa da kashi 60 a farkon shekarun 2010 zuwa sama da kashi 80 a 2020.

Abin da ya riƙe Shikago a lokacin abubuwa ne da ba su dogara da mutum ɗaya ba. Tun 1990 akwai wata cibiyar bincike a Jami'ar Shikago da ke nazarin makarantun birnin, ita ta gano cewa yaron da ya gama shekararsa ta farko a babbar sakandare bai faɗi darasi fiye da ɗaya ba, ya fi sauran yiwuwar kammalawa nesa ba kusa ba. Makarantu suka mayar da wannan abin bibiya a kai a kai, malamai suna zama su duba sunayen yaran da suka fara zamewa tun kafin zangon karatu ya ƙare. Shugabanni suka yi ta zuwa suna tafiya, wannan al'adar tana nan, haka ma shirye-shiryen horar da hedimastoci da jami'o'in garin ke yi.

Kada ka ɗauki wannan a matsayin cewa canjin ba ya cin komai. Yana ci, sai dai ba a takardar jarrabawar bana ake ganin ɓarnar ba. Sabon shugaba yana shigowa ya san kwanakinsa ƙirgaggu ne, majalisa kuma ta ɗauke shi ne don ya bambanta da wanda ya tafi, to dole ya zo da sabon abu. Sarki goma zamani goma. Ka dubi New York: Klein ya tattara gundumomin unguwanni 32 ya mayar da su yankuna goma, daga baya ya rushe yankunan ya kawo wani tsari, ya kuma fara ba makarantu maki daga A zuwa F. Carmen Fariña ta zo a 2014 ta soke makin, ta mayar da iko ga shugabannin unguwanni. Carranza ya ƙirƙiro sababbin manyan jami'ai tara a samansu, Banks ya zo a 2022 ya soke muƙaman. Kowane juyi ɗaya yana cin shekara ko fiye kafin hedimasta ya san wa zai kira in rufin aji ya fara yoyo ko malamin lissafi ya tafi. Manyan ma'aikatan ofishin tsakiya sukan bi shugabansu su fita, su tafi da abin da ke kansu. Manhajar karatu da aka kashe kuɗi aka horar da malamai a kanta tana buƙatar shekaru kafin ta zauna, sai a canza ta tun ba ta nuna amfaninta ba. Mafi muni shi ne abin da tsofaffin malamai ke koya daga wannan: in sabon umarni ya zo, su rufe ƙofar aji su jira, shi ma zai wuce. Kai da ka yi hedimasta ka san ranar da ma'aikata suka koyi wannan, ko shiri mai kyau ne aka kawo ba zai shiga aji ba.

Daɗewa kuma ita kaɗai ba ta da wata albarka. Beverly Hall ta yi shekara 12 a Atlanta, har aka ba ta lambar gwarzuwar shugabar makarantu ta ƙasa a 2009. A 2011 binciken jihar Jojiya ya bankaɗo cewa malamai da hedimastoci 178 a makarantu 44 suna da hannu a maguɗin jarrabawa, har da goge amsoshin yara ana gyarawa. Ta rasu a 2015 kafin a yi mata shari'a, kotu ta kama mutum 11 da laifi a shekarar. Majalisar da ta ƙyale ta shekara da shekaru ba ta tambayi yadda maki ke tashi haka ba, ta fi majalisar da ke korar shugaba duk shekara biyu cutar da yara.

Misalin da nake kai mutane su gani shi ne Long Beach a Kalifoniya, gundumar da talakawa da 'ya'yan baƙi suka yi yawa. Carl Cohn ya riƙe ta daga 1992 zuwa 2002. Chris Steinhauser, wanda a can ya yi karatu, a can ya koyar, ya gaje shi har zuwa 2020, sannan Jill Baker, ita ma 'yar gida, ta karɓa. Mutum uku cikin shekara 30, kowane yana ɗorawa a kan abin da ya tarar. Washington ta nuna hakan ta wata hanya: Rhee ta tafi cikin hayaniya, amma mataimakiyarta Kaya Henderson ta gaje ta har 2016, ta ci gaba da tsarin auna aikin malamai da suka kafa tare, ba tare da yawan faɗa ba. Mutum ya canza, alƙibla ba ta canza ba, kuma wannan ne abin da nake dubawa in an ce mini an yi sabon shugaba: daga ciki ya fito ko daga waje, mataimakansa na harkar koyarwa sun zauna ko sun tafi, kuma a watanninsa na farko ya taɓa manhaja ko ya ƙyale ta.

A Shikago abubuwa biyu ne ke kusa da hannunka. Majalisar makarantun birnin tana sauya fasali: tun Janairu 2025 mutum 21 ne, goma zaɓaɓɓu, sha ɗaya naɗin magajin gari, kuma daga 2027 duka za su zama zaɓaɓɓu. Majalisa mai wannan yawa za ta sha wuya kafin ta haɗa kai a kan mutum ɗaya, don haka ban sa ran kujerar shugaban za ta yi sanyi nan kusa ba. In kana da ƙuri'a, zaɓen 'yan wannan majalisa ne ke yanke wanda zai riƙe makarantun.

Na biyun ya fi kusa da yaranka. Tun dokar gyaran makarantu ta 1988, yawancin makarantun gwamnatin Shikago kowace tana da ƙaramar majalisarta: iyaye shida, mutanen unguwa biyu, malamai biyu, ma'aikaci ɗaya, da hedimasta. Ita ke zaɓen hedimasta, ita ke sabunta masa kwantiraginsa na shekara huɗu, ita ke amincewa da kasafin makarantar. Ana zaɓenta duk shekara biyu a watan Afrilu, kuma ba a sharɗanta zama ɗan ƙasa ba, ko don kaɗa ƙuri'a ko don tsayawa takarar kujerar iyaye. A makarantu da dama kujerun iyayen ma ba sa cika saboda rashin masu nema. Ka je ofishin makarantar yaranka ka tambayi shekara nawa hedimastan ya yi, yaushe kwantiraginsa zai ƙare, malamai nawa suka bar makarantar bara, da ranar zaman majalisar na gaba. Zaman a buɗe yake ga kowa, kuma akan ba iyaye lokacin magana.